Rubutun da ke Gindin Kofi

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da marasa lafiyar asibitin nan naki da kika fi so a kanmu. Mama tana gaishe ki, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta. 'Yata Gimbiya ma ta ce a gaishe ki, wai har yau tana jiran littafin da kika yi mata alkawari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A waya ba kya barina in kai aya, da na ɗauko magana sai ki ce, "Barkono, yi haƙuri." To a takarda ba ki da bakin katse ni. Direban asibitinku zai riƙa kawo miki.

Hutun ƙarshen shekara ya matso, za a taru a gidan Mama kamar kullum, ni kuwa ban manta bara ba. Ke kina bakin aiki, labari kika ji, ni da idona na gani. Madam, matar ɗan'uwanmu Injiniya, ta shigo da kwali tana taku ɗaya-ɗaya, ta hau rabon kofunan gilashi da ta sa aka yi mata a kanti, kowanne da sunan mai shi a jiki. Mama ta samu, 'ya'yan ƙanwarmu Auta suka samu, har jaririn da ko nono bai saki ba an rubuta masa nasa. Gimbiya tana tsaye ta miƙa hannu biyu tana murmushi, har kwali ya ƙare. Sai Madam ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ai 'yan jini na yi wa." Wallahi Yaya, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Allah Ya rufa asiri yarinyar ba ta ji ba, na yi wuf na ce mata nata ne ya fashe a hanya. A kofin roba ta sha lemonta, tana leƙen na sauran yara.

Ke kika ɗauko min yarinyar nan daga asibiti tana cikin tsumma, bayan an gaji da jiran wanda zai zo nemanta. Kin san alkawarin da na yi wa marigayi mijina, Babanta, cewa ba za ta ji asalinta ba sai ta mallaki hankalinta, ni da kaina in zaunar da ita. Shekara goma ina kaffa-kaffa, sai wata da ta shigo gidanmu jiya-jiya ta nemi ta rushe min komai a kan kofi.

To bana ni ce mai kofuna, kuma da hannuna zan yi su. A shagonmu na buga takardu da wanke hotuna akwai injin yanka sitika. Nakan yanko sunan mutum, in zo gida in goge kofin da sifirit tas, don ko shatin yatsa ya rage aikin ya ɓaci, sannan in manna sitikar in danne ta da bayan cokali. Sai in shafa wani farin mai, mai kauri kamar man goge baki, wanda ke cin gilashi. Idan ya ɗan jima a wanke, a ɓare sitika, sai ki ga suna ya fito fari tas, kuma abin da ya ci ya ci, babu sabulun da zai fitar da shi. Da safar hannu nake yi, taga a buɗe, don ba ya wasa da fata. Na farkon da na gwada man ya zurara ƙarƙashin sitika, sunan Mama ya fito kamar kaza ta yi tono. Na biyun na wanke shi a wurin wanke hannu na tangaran, ya cinye masa ƙyalli, mai gidan haya bai gani ba tukuna. Amma yanzu hannuna ya faɗa.

Na Gimbiya zai fi na kowa kyau, har da furanni kewaye da sunan. Na Madam kuwa ina nan ina saƙawa ina kwancewa. Da na so in hana ta kofi kamar yadda ta yi, sai na ga hakan ya yi mata arha.

Ki huta lafiya. Ƙanwarki,
Barkono

*

Zuwa ga ƙanwata Barkono,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma miƙa tawa gare ki da Mama da Gimbiya. Saƙonki ya iso ni lafiya, na karanta shi har ƙarshe ba tare da na katse ki ba, kamar yadda kika so.

Abin da matar Injiniya ta yi bara bai dace ba, ban taɓa cewa ya dace ba. Amma ki yi wa kanki adalci. Tun ranar da aka kawo ta kike yi mata laƙabi, kina kwaikwayon tafiyarta a gaban yara. Ban ce wannan ya wanke ta ba, na dai ce ba daga sama abin ya faɗo ba.

Na yi murna da wannan sana'a da kika koya. Ki yi wa kowa kofinsa, har da ita, ki yi nata da kyau kamar na kowa. Idan ta ɗauki kofi mai kyau daga hannunki ta tuna abin da ta yi, kunyar da za ta ji ta ishe ta hukunci. Ki kula da man nan, kada ki bar shi inda Gimbiya za ta kai hannu, kin san ta da son buɗe abu ta karanta abin da ke jikinsa. Idan ya taɓa fatarki ki wanke da ruwa mai yawa ki tafi asibiti, kada ki ce za ki shafa wani abu.

Bana ma ba zan samu zuwa ba, ni ce a bakin aiki duk tsawon hutun. Ki ajiye min nawa kofin.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, don bakina cike yake da magana. Zauna da kyau, Allah Ya kawo min Madam har cikin tafin hannu.

Kin san hoton bikinsu da Ogana ya rataya a shago don talla? Wata tsohuwa ta zo a faɗaɗa mata wani tsohon hoto, tana jira sai idonta ya kai kan bango. Ta tashi, ta gyara tabarau, ta ce, "Ikon Allah! Wannan ai tamu ce." Na ce taku ta ina, Iya? Ta ce a gidan marayu ta yi aiki har ta tsufa, kuma ita ta raini yarinyar nan tun daga ranar da aka tsince ta a bakin ƙofa, har wasu masu hali suka zo suka ɗauke ta. Ta nuna min tabon da ke kan girarta, ta ce a gabanta ta faɗo daga lilo. Tana ta sa mata albarka, ni kuwa cikina kamar ana biki.

Kin ji fa! Mai jini! Mai "gidanmu kaza, Babanmu kaza." Ashe ƙwaryar sama ce ke dukan ta ƙasa, alhali duk a kasuwa ɗaya aka saye su.

Ga abin da na yi, kuma na riga na yi, don haka ki adana wa'azinki. A gefen kofinta sunanta ne, da kyau kamar na kowa, yadda kika ce. Amma na kifa kofin na yi wani rubutun a gindinsa, ta waje. Wannan ban yanka shi a injin shago ba, kada Oga ya gani. Da hannuna na zana shi, na bi shi da reza harafi bayan harafi, kuma a juye, ina duba madubi, don ya karantu daidai ga wanda ya leƙa ta ciki. Har yatsa na yanke, ban ji zafi ba. Kalma ɗaya ce: TSINTACCIYA.

Ranar taro ni zan zuba wa kowa baƙin lemo tun daga kicin, in fito da su a faranti. Muddin akwai lemo a ciki ba a ganin komai, na gwada ya fi a ƙirga. Za ta sha tana yatsina, tana ɗaga ƙaramin yatsa, sai ta kai ƙarshe ta ga kanta a gindin kofi. Ba wanda zai gani sai ita. Ba ta da bakin yin ƙara, don in ta yi ƙara ta tona kanta. Haka za ta haɗiye shi ita kaɗai a cikin mutane tana murmushin dole, kamar yadda na haɗiye nawa bara. Ina so in tsaya in kalli fuskarta, wannan kawai nake nema a duniya.

Na ɓoye kofin a saman kabad. Jiya Gimbiya ta same ni ina dariya ni kaɗai a kicin, ta ce, "Umma, me ya faru?" Na ce mata aiki ne ya yi kyau.

Taki,
Barkono

*

Barkono,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Na karanta takardarki a ɗakin hutun ma'aikata, sai da na ajiye ta na fita na sha iska. Ke da kika goya tsintacciya a bayanki, kika yi jinyarta, kika hana idonki barci a kanta, ke ce za ki ɗauki wannan kalma ki mayar da ita wuƙa? Da ni da ke mun san abin da ake ji idan aka buɗe tsumma aka ga jariri babu kowa a bayansa. Matar nan haka aka buɗe nata tsumman.

Ban saba ba ki umarni ba, amma yau zan ba ki. Ki sauko da kofin nan ki fasa shi, ki share ɓaraguzan, ki yi mata wani. Abin da tsohuwar nan ta faɗa miki ya mutu a cikinki. Idan kin ƙi, zan kira Mama in gaya mata komai, kuma kin san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Batun bara ki bar min shi a hannuna. Zan rubuta wa matar Injiniya da kaina, ba zan ambaci abin da kika gano ba, zan dai nuna mata girman abin da ta yi. Ki ba ni amsa da wannan direban.

Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na ji, na bari. Na fasa shi, na yi mata wani. Ba sai kin ɗaga wa Mama hankali ba.

Barkono

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Maigidana, ƙaninki Injiniya, yana gaishe ki.

Na sami saƙonki. Na so in kira ki, sai na ga ba zan iya haɗa murya da ke ba, shi ya sa ni ma na rubuto. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Barkono ta daɗe tana ci min fuska, na rasa inda zan rama, sai na duba inda ya fi yi mata ciwo na taka. Ban yi tunanin yarinyar ba sai da na ga hannuwanta biyu a miƙe. Tun daga ranar, duk lokacin da na buɗe kabad na ga nawa kofin sai in mayar da ƙofar in rufe. A cikin mutanen gidan nan kaf, ni ce bai kamata in yi wa yarinyar nan haka ba. Wata rana zan gaya miki dalili, idan na samu ƙarfin zuciya.

Kin ce in nemi gafarar Barkono. Zan nema, ko da yake na san da wuya ta saurare ni. Amma wadda na fi zalunta ita ce Gimbiya, ita kuma ba zan iya ba ta haƙuri da baki ba, tunda ba ta san abin da ya faru ba. Don haka na yi wata shawara. Na ji bana Barkono ce za ta yi kofunan. Idan aka raba, zan tashi a gaban kowa in miƙa wa Gimbiya nawa, in ce mu yi musaya, ta sha a nawa in sha a nata, mu zama ƙawaye. Manya za su gane abin da nake nufi, ita kuma za ta ɗauka wasa ne. Ina roƙon ki kada ki gaya wa Barkono, don idan ta sani za ta ce makirci ne ta hana.

Na gode da kika rubuto min maimakon ki yi shiru. Allah Ya bar zumunci.

Matar ƙaninki

*

Yaya,

Ban san ko gaisuwa ta dace ba, amma na gaishe ki. Na san Mama ta riga ta kira ki, to ki ji daga bakina.

Ban fasa kofin ba. Ƙarya na yi miki, ki yi min duk faɗan da za ki yi, amma ki fara jin naki laifin.

Komai ya tafi yadda na tsara. Na cika kofuna a kicin, na fito da faranti, kowa ya ɗauki mai sunansa ana ta yaba min. Gimbiya ta rungume nata mai furanni kamar za ta haɗiye shi. Na koma jikin ƙofa na tsaya inda zan ga fuskar Madam sosai. Ta kai kofin kusa da baki, sai ta fasa, ta miƙe tsaye. Wai bara kofin Gimbiya ya fashe a hannunta, bana tana so su yi musaya su zama ƙawaye. Falo ya ɗauki tafi. Injiniya har da goge ido.

Na ce, "A'a! Kowa ya sha a nasa!" Mama ta daka min tsawa, ta ce, "Barkono, ko yau ba za ki bari a shirya ba?" Na yunƙura in je in ture kofin, Auta ta riƙe min hannu tana dariya, wai kishi nake an ƙwace min 'ya. Yarinyar ta sha gudu a tsakar gida, ƙishi take ji. Ta ɗaga kofin da hannu biyu ta shanye tas, ina kallo.

Kin san ta, ko takardar sabulu ta gani sai ta karanta da ƙarfi. Ta leƙa ciki ta karanta wa falo duka, a hankali, yadda ake koya musu a makaranta. Sannan ta ɗago ta ce, "Mene ne tsintacciya?"

Da an yi shiru da na san ƙaryar da zan yi, na saba. Amma Mama ta zaci Madam ce ta sake yin wani wulaƙancin, tunda daga hannunta kofin ya fito. Ta miƙe da ƙafarta mai ciwo, ta nuna ta da yatsa ta ce, "Ba mun ce kada yarinyar nan ta ji ba sai ta girma? Me marainiyar Allah ta yi miki?" Shi ke nan, Yaya. Abin da na rufe shekara goma, Mama ta buɗe shi da numfashi ɗaya.

Madam ta karɓi kofin ta duba. Fuskar da na yi ta marmarin gani, na gan ta, ba ta yi min daɗin komai ba. Ta ce, "Mama, ba ita aka rubuta wa ba. Sunana ne a jikin kofin, ni aka rubuta wa, kuma gaskiya ne." Injiniya ya ce shi tun kafin aure ya sani. Sai duk ido ya dawo kaina. Gimbiya ta ɗauki kofin daga hannun Madam ta sake leƙawa, ta daɗe tana kallo. Hannun da ke rubuta mata suna a bangon littattafanta ne, ba ta buƙatar a gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta shige ɗakin Mama ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ta ƙi biyo ni gida.

Daga baya na ji da saninki aka shirya musayar. Wa ya aike ki? Da kin bar ni da abokiyar gabata da yanzu an gama, ita ta ji ciwonta ni na huce. Ita kuma kada ta ɗauka ta ci bulus da wannan tawali'un nata na ƙarya. Ita ta fara, ita ta ja ni, kuma wallahi sai na ga bayanta ko zan yi shekara nawa. Yanzu har ita ke kai wa 'yata abinci ɗaki, ni ina waje.

Gidan ya yi min faɗi. Takalmanta na nan a bakin ƙofa. Na je da safe Mama ta ce in koma, yarinyar ta ce za ta rubuto min, tunda ta ga haka muke yi. Yaya, ke kika sa min ita a hannu. Ki gaya min abin da zan ce mata.

Barkono

*

Zuwa ga Umma,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ni ma ina lafiya a gidan Kaka.

Kaka ta gaya min komai. Anti matar Kawu Injiniya ma ta gaya min nata, mun yi kuka tare. Ban ji haushi don an tsince ni ba, ai ke kika ɗauke ni.

Kowa yana ta ce min ba ni kika rubuta wa ba. Na sani. Amma Umma, kin zauna kin yi tunanin abin da ya fi komai muni da za ki kira mutum da shi, sai kika zaɓi wannan.

Ki ba Kawu Injiniya kayan makarantata ya kawo min. Kada ki zo tukuna.

Gimbiya